Kafin Ku Ce "Bincike Ya Nuna"

 'Ya'yana, babu abin da ke faranta mini rai irin in ga matashi riƙe da littafin da ba malami ne ya ɗora masa ba, ba kuma tsoron jarrabawa ne ya sa ya buɗe ba. A 'yan shekarun nan na lura da yawanku sun karkata ga littattafan da ke ɗauko ilimin taurari, ko na ƙwaƙwalwa, ko na halayyar ɗan Adam, su sassauta shi yadda duk mai jin Turanci zai iya bi. Kuna tura wa juna a waya, kuna kawo zancensu a majalisa. Gardama na cikin yin zafi sai wani ya ce "ai bincike ya nuna", nan take kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Wannan shirun ne ya dame ni. Ina son littattafan nan, kuma ba zan taɓa ce muku ku ajiye su ba. Roƙona shi ne ku riƙa tambayar marubucin inda ya samo maganarsa, tun kafin ku ɗauke ta ku kai gaba.

Bari in fara da yabo, domin abin yabon na da yawa. Sauƙaƙa wa jama'a ilimi aiki ne mai lada, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. A Zariya, Malam Abubakar Imam da Dokta East sun rubuta Ikon Allah, wanda ya bayyana wa 'yan makaranta halittu iri-iri da Hausa tsantsa, ya koya wa yaro duban tsuntsu da ƙwaro da idon tambaya.

Amma wanda na fi nuna wa yara idan ana wannan zance na wani Bature ne, Michael Faraday, ɗan maƙeri, wanda bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai a Landan, a nan ya riƙa karanta abin da aka kawo ɗinki, har ya zama ɗaya daga cikin manyan masana lantarki na duniya. Ya yi wa yara lacca shida a kan kyandir, kyandir kawai, aka buga su a 1861. Ku samo kyandir ɗaya ku gwada abin da ya ce. Ku kunna ku dubi samansa: ya yi ɗan gurbi, narkakken kaki ya taru a ciki, gefen kuwa bai narke ba, saboda iskar da ke hawa ta jikinsa tana sanyaya shi. Lagwani na tsotso kakin zuwa sama, zafi ya mai da shi tururi, kuma tururin ne ke cin wuta. In kuna son shaida, ku hure wutar a hankali, farin hayaƙi zai tashi; ku yi maza ku kai masa ashana mai ci daga ɗan nesa, ba tare da ta taɓa lagwanin ba, za ku ga wuta ta bi hayaƙin ta sauko ta kama. Ku gitta farar takarda a tsakiyar harshen wutar na ƙiftawar ido ku janye: ƙunar za ta yi zobe, tsakiyarta fara fat, domin can ciki babu iskar da za ta sa wuta ta ci. Ku kifa busasshen kofin gilashi mai sanyi a sama, raɓa za ta kwanta a jikinsa, don ƙonewar kyandir na haifar da ruwa. A haka ya bi da yaran har zuwa numfashin da ke fita daga ƙirjinsu. A kowane mataki mai karatu na iya tsayawa ya ce bai yarda ba, ya gwada da hannunsa a ɗakin mahaifiyarsa. Gani ya kori ji.

Yawancin littattafan da ke hannunku yau ba su ba ku wannan dama ba, kuma sau da yawa ba laifin marubutan ba ne. Ba a gwada haihuwar tauraro a tsakar gida. Stephen Hawking ya fitar da A Brief History of Time a 1988, aka sayar da miliyoyi. Shi da kansa ya ba da labarin an gargaɗe shi cewa duk lissafin da ya sa a ciki zai rage masu saye da rabi, sai ya bar guda ɗaya tak, na Einstein. To ilimin da yake magana a kai, lissafin ne jikinsa. In an cire shi, abin da ya saura misalai ne: a ce maka sarari na lanƙwasa, lokaci na miƙewa. Misalan ba ƙarya ba ne, sai dai daga nesa suke nuna gaskiyar, mai karatu kuma ya rufe littafi da jin cewa ya fahimta. Jin nan yana da daɗi ƙwarai, kuma daɗinsa ɗaya ne ko an fahimta ko ba a fahimta ba. Wanda ya gama littafi a kan asalin taurari, ya kira ƙanwarsa 'yar firamare ya bayyana mata abin da ya sa jinjirin wata ke fitowa siriri a yamma bayan faɗuwar rana, ya cika a daren 14, sannan ya riƙa makarar fitowa yana raguwa. In ya iya, da lemo da tocila, madalla. In ya fara in-ina, ya koma ya nemi littafin aji mai zane da tambayoyi a ƙarshen babi. Babu kunya a cikin haka.

Wannan ƙaramar matsalar ke nan. Babbar tana ga littattafan da ke magana a kan mutum: me ke sa mu yanke shawara kaza, yaya ake zama gwani, me ke sa wani ya yi arziki wani ya rasa. Marubucin irin wannan littafi dillali ne. Yana tsaye tsakanin mai bincike, wanda ya rubuta sakamakonsa a mujallar da ba kowa ke iya karantawa ba, da ku masu saye. Duk wanda ya san kara ya san ba a raina dillali. In ba shi, baƙo ba zai san inda zai dosa ba. Amma la'adarsa sai an yi ciniki take fita, don haka ko mai gaskiya ne, ƙiba da kyan tozo zai fara nuna maka, ba ɗingishi ba. Mai hankali yakan saurare shi da kyau, sannan ya buɗe bakin bijimin ya duba haƙora da kansa.

Ga misali, kuma da gangan na zaɓi mutumin kirki. Daniel Kahneman masanin halayyar ɗan Adam ne, ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002, kuma littafinsa na 2011, Thinking, Fast and Slow, na cikin waɗanda na ji kuna yawan ambata. A babi na huɗu ya kawo wani gwaji da aka buga a 1996. An tara ɗaliban jami'a a New York, aka ba su kalmomi a hargitse su jera su su zama jimla. Rabinsu an cusa musu kalmomin da ke tuna wa mutum tsufa, irin su furfura da mantuwa da ritaya, ba tare da an ambaci tafiya ko sauri ba. Da suka gama aka sallame su, ashe akwai wani zaune a baranda da agogo a ɓoye, yana auna sakan nawa kowa ya yi kafin ya kai ƙarshenta. Aka ce waɗanda suka ga kalmomin tsufa sun fi sauran nawa, da kusan sakan guda. Labari ne mai daɗin ji: kalma ta shiga ta ido ta sauka a ƙafa, mai ita bai sani ba. Kahneman ya kawo shi da ƙarfin gwiwa, bai bar wa mai karatu ƙofar musu ba.

Mutum 30 ne a gwajin, aka sake da wasu 30. A 2012 wasu masu bincike a Beljiyam suka maimaita shi da mutum 120, suka cire mai agogo suka sa na'urar da ke auna wucewar mutum da kanta. Ba a ga wani bambanci ba. Suka sake, wannan karon suka sa wa masu gudanar da gwajin rai cewa ɗaliban za su rage sauri, sai ga raguwar ta bayyana. Ke nan mai yiwuwa abin da aka auna tun farko tsammanin mai aunawa ne. A 2017 Kahneman ya fito fili ya ce ya dogara fiye da kima ga gwaje-gwajen da mutanen cikinsu ba su da yawa. Abin da ya ƙara wa maganar nauyi, shi da abokin aikinsa Amos Tversky ne suka rubuta maƙala tun 1971 suna gargaɗin masana a kan wannan kuskure. Na fi ganin girmansa a wannan amsa laifi fiye da a kyautar. Amma ku lura da abu ɗaya: kwafin da aka riga aka buga yana nan yana yawo daga hannu zuwa hannu da babin yadda yake. Littafi ba ya jin labarin abin da ya faru bayan ya bar maɗaba'a.

Kuma ba wannan kaɗai ba ne. A 2015 masana 270 suka haɗu suka maimaita gwaje-gwaje 100 da aka buga a manyan mujallu uku na wannan fanni. A karon farko 97 daga ciki sun ce sun gano wani abu. Da aka maimaita, kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya ne suka tsaya da ƙafafunsu. Ba wai masanan maƙaryata ba ne. Mujalla ta fi son sabon abu mai ban mamaki, wanda ya gwada bai ga komai ba yakan tura takardunsa cikin durowa. In mutum 20 suka gwada abu guda, ɗaya ya yi gamon katar, nasa za a buga, nasa ɗan jarida zai ɗauka, nasa ne zai shiga littafi. Masu maɗaba'a kuma suna son magana ɗaya ƙwaƙƙwara da za ta dace da bango. A kowane mataki ana zubar da "mai yiwuwa" da "a wasu lokuta" da "a cikin waɗanda muka gwada", har maganar ta iso gare ku ba ko sharaɗi ɗaya a jikinta.

Haka aka yi da zancen awa 10,000, cewa wanda duk ya yi wa abu atisaye na wannan adadi zai zama gwani. Malcolm Gladwell ne ya yaɗa shi a 2008, asalinsa kuwa binciken Anders Ericsson da abokansa ne na 1993, a kan masu koyon gogen Turawa a wata makarantar kiɗa a Berlin. Waɗanda suka fi iyawa, in an haɗa an raba, sun kai wajen wannan adadi zuwa shekara 20 da haihuwa. Wasu ba su kai ba, wasu sun wuce, kuma dukkansu ɗalibai ne tukuna. Ericsson ya yi ta bayani cewa ba adadin ne abin ba, irin atisayen ne: a gaban malami, ana nuna maka inda ka karkace kana gyarawa. Wanda ya yi hadda a gaban alaramma, ko ya zauna a shagon tela yana farke ɗinki yana sakewa, ya riga ya san wannan. Sai dai lamba mai sifili huɗu ta fi bayani saurin tafiya.

Akwai kuma tambayar da ta shafe mu kai tsaye: in littafi ya ce "ɗan Adam", wa yake nufi? A 2008 wani masani ya ƙidaya mutanen da aka yi gwaji da su a manyan mujallu shida na ilimin halayya, aka tarar kashi 96 cikin ɗari daga Amurka da Turai da makamantansu suke, ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya. Da yawansu ma ɗaliban jami'a ne. Yarinyar da ta tashi a babban gida cikin kakanni da baffanni, tana goyon ƙanenta tun tana ƙarama, tana jin harshe uku, ba ta cikin lissafin. Wannan bai ƙaryata sakamakon ba, amma ya taƙaita shi, marubuci kuma ba kasafai yake faɗa muku iyakar ba.

Wannan ɗabi'a ta tambaya ba aro za ku yi ba, gadonku ce. Wanda ya zauna a zaure ya san ba a karɓar ruwaya sai an ji isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, yaya haddarsa take. Malaman hadisi sun rubuta mujalladai a kan halin masu ruwaya kaɗai, kuma mutum na iya zama salihi a ce haddarsa da rauni. Ba a ci mutuncinsa ba, ba a kuma jingina da ruwayarsa ba. Ba ina daidaita hadisi da binciken jami'a ba ne, ladabin nake nuna muku. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta littafi sukutum na shakkunsa a kan Batlamiyus, wanda a zamanin shi ne ƙarshen magana a ilimin taurari, har ya ja hankalin mai neman gaskiya ya tuhumi kansa shi ma yayin da yake tuhumar littafi, kada so ko ƙi su ja shi. A nan gida, marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi wa Heinrich Barth irin wannan. Barth ya zo Katsina da Kano a 1851, ya rubuta mujalladai biyar da har gobe ana amfana da su. Dokta Bala ya bi diddigin zamansa a Katsina: tsawon lokacin da ya yi, halin da yake ciki, abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. Bai jefar da Barth ba. Ya auna shi ne, don ya san inda zai jingina da inda ba zai jingina ba.

A aikace abin ba wuya. Maganar da ta fi burge ku, wadda ta sa kuka ji kamar ku kira aboki yanzu-yanzu, ita za ku fara tuhuma. Ku juya zuwa shafukan ƙarshe masu ƙananan haruffa, waɗanda kowa ke tsallakewa, ku ga ko marubucin ya faɗi mai binciken da shekarar. Ku sa sunan a intanet ku ga abin da ya biyo baya, ko an maimaita, ko an yi jayayya. Ku nemi adadin waɗanda aka gwada da ko su wane ne, domin wani lokaci ma ɓeraye ne ba mutane ba. Littafin da ba shi da waɗannan shafuka sam, ku karanta shi don hira. Manyan littattafan nan kuwa da ke dunƙule tarihin dubban shekaru a shafi 400, ku nemi inda suka taɓo abin da kuka sani da kanku, ƙasarku ko addininku ko sana'ar gidanku. Yadda marubucin ya yi a nan, ku ɗauka haka ya yi a wuraren da ba ku sani ba.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni tsoro, ina so ku saurare shi da kunnen basira. Kada wani ya tashi daga wannan nasiha ya ce ashe kimiyya duk shaci-faɗi ce. Su wa suka gano raunin gwajin 1996? Masu kimiyya ne, kuma da gwaji suka gano. Akwai ilimin da aka gwada sau dubbai, a ƙasashe daban-daban, a hannun mutanen da ba sa ga maciji da juna, ya tsaya daram. Ranar 29 ga Maris 2006 rana ta yi kusufi, duhu ya ratsa Gana da arewa maso yammacin Najeriya da Nijar da hantsi. An sanar da ranar da mintin tun shekaru kafin nan, kuma bai saɓa ba. Mun kuma ga abin da shakka marar bincike ke jawowa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin arewa. Tsoron yana da tushe, domin mutanen Kano ba su manta gwajin maganin da wani kamfanin waje ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. An koma rigakafin a 2004, amma cutar ta riga ta bazu har ƙasashen da da sun rabu da ita, kuma akwai samari da 'yan mata yau da ke kan keken guragu sanadiyyar haka. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar ta asali. Mai gaskata komai da mai ƙaryata komai duk sun hutar da kansu wahalar dubawa, ni kuwa wahalar nake so ku ɗauka.

Kun sha tambayata abin da ni nake karantawa. Da shekaru suka ja, na fi karkata ga littafin mutumin da ya zauna a kan ƙaramin abu ya daɗe. Charles Darwin, ko mene ne ra'ayinku a kan babban littafin da aka fi saninsa da shi, na ƙarshensa, na 1881, a kan tana ne. A 1842 ya sa aka barbaza farfasasshen alli a wani fili kusa da gidansa, ya bar shi. Bayan shekara 29 ya sa aka yi haƙa, ya tarar da allin a jere, inci 7 a ƙarƙashin ƙasa. Turɓayar da tana ke fitarwa sama kowace shekara ce ta binne shi. Ya busa musu usur, aka kaɗa musu piyano don a ga ko suna ji, ko gezau. Sai da aka ɗora tukunyar da suke ciki a kan piyanon girgiza ta taɓa su, sannan suka shige rami. Inda bai tabbatar ba yakan faɗa. Mutumin da ya jira shekara 29 kafin ya rubuta jimla ɗaya, ina iya jingina da jimlar.

Ina son labarin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Tsohuwa ce da ta ga zamanin hari, ta ga zuwan Turawa, ta yi bayanin aure da kishi da ƙawance da riƙon 'ya'ya yadda ta rayu da su. Abin da ta gani take faɗa, da sunan gari da sunan dangi. A cikin na zamani kuwa ina son na Rebecca Skloot na 2010 a kan Henrietta Lacks, baƙar fatar Amurka da aka ɗebi ƙwayoyin jikinta a asibiti a 1951 ba da saninta ba. Ta rasu a shekarar, ƙwayoyin kuwa suka ci gaba da hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya, har aka yi amfani da su wajen gwajin rigakafin shan inna. Marubuciyar ta shafe wajen shekara 10 tana bin iyalan da takardun asibiti, shi ya sa a littafin akwai kimiyya, akwai kuma waɗanda aka yi kimiyyar a kansu, da fushinsu da hawayensu.

In za ku ba aboki aron littafi, ku ba shi da shakkunku a ciki. Ku ce masa babi kaza ya gamsar da ni, babi kaza kuwa na duba na ga masana sun yi saɓani a kansa. In ra'ayinku ya bambanta ku zauna ku buɗe shafin tare. Na fi son in ji majalisarku na haka a kan littafi ɗaya da a ce kuna jera sunayen goma don a san an yi karatu.

Akwai kuma littafin da nake fatan wani daga cikinku ya rubuta mana da Hausa, a kan hazon hunturu. Ƙurar nan da ke rufe Kano da Damagaram har jirgi ya kasa sauka, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tafki da ya ninka Tafkin Chadi na yau sau da yawa shekaru dubbai da suka wuce. Farar ƙasar wurin ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru, shi ya sa ba ta da nauyi. Iska kuma na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashe ta. A 2006 wasu masana suka ce wajen rabin ƙurar da ke ƙetare teku ta sauka a dajin Amazon ta zame masa taki daga wannan kwari take, labarin ya zagaya jaridu saboda daɗinsa. A 2020 wasu suka sake bin sawun ƙurar da hotunan tauraron ɗan Adam, suka ce yawancin ta Bodele na zuba ne tun kafin ta kai can, wadda ke isa Amazon ta fi fitowa daga hamadar Mali da Muritaniya. Wanda zai rubuta mana wannan littafi ya kawo maganganun biyu a babi ɗaya, ya faɗi yadda kowane ɓangare ya auna. Sannan ya je ya tambayi manoman Daura da na Maraɗi abin da suka lura hazo na yi wa gona, ya rubuta sunan garin da shekarar da aka gaya masa.